Yadda Za Ka Sauya Tim ɗin Manhaja Daga Tsohon Tsari Zuwa Ajail, Mataki Bayan Mataki

Tambayar nan ta yi yawa kwanan nan, musamman daga masu ƙananan kamfanonin manhaja da samarin da aka ɗora wa shugabancin tim. Oga ya dawo daga wani taro ya ce daga Litinin mun koma ajail, ko kuma kwastoma ne ya sa shi cikin sharuɗɗan kwangila, to ta ina za a fara? Shi ya sa na ce bari in zauna in jero yadda ake yi, ba tarihi, ba dogon turanci.

Abu ɗaya dai nake so ka riƙe tun daga nan. A tsohon tsari, wanda ake cewa wotafol, ana rubuta duk buƙatu a takarda, a sa hannu, a zana, a yi wata shida ana rubuta kod (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don manhaja ta yi aiki), sai can ƙarshe a yi gwaji a miƙa. A ajail kuwa duk sati biyu (wannan tsawon lokacin shi ake kira zango) ana fitar da ɗan abu mai aiki, mai amfani ya taɓa shi da hannunsa ya faɗi abin da ya gani, ku gyara hanya. In ka canza sunayen mitin amma har yanzu kwastoma ba ya ganin komai sai bayan wata shida, to wallahi ba abin da ka canza, gajiya kawai ka ƙara wa mutanenka.

Mataki na 1: Fara auna inda kuke

Kafin ka taɓa komai, ɗauko ayyuka biyu ko uku da kuka gama kwanan nan ka buɗe Excel ka rubuta: ranar da kwastoma ya nemi abu da ranar da abin ya isa hannun masu amfani, sau nawa kuke ɗora sabon kod a saba (babbar kwamfutar da manhaja ke gudana a kanta) cikin wata, bog (kuskure a cikin manhaja) nawa suka fito bayan kun miƙa, da kuma sau nawa aka yi aikin dare ko na Asabar da Lahadi don a cika alkawari. Rabin yini ya isa.

Amfaninsa shi ne bayan wata uku dole a tambaye ka me aka samu, in ba ka da lissafin da, sai dai ka ce "ai muna jin an samu ci gaba", kuma ba wanda zai ci gaba da ba ka goyon baya a kan haka.

Mataki na 2: Ka gama magana da oga da kwastoma tukuna

Nan ne yawanci ake tsallakewa kuma nan ne abin ke mutuwa. Oga ya ce a yi ajail ba ya nufin ya san abin da zai rasa. Ka zauna da shi ka ce ranka ya daɗe, abu uku nake roƙo: na ɗaya in an fara zangon aiki ba za a cire min mutum a kai shi wani aiki ba, na biyu duk sabon abin da ya taso za a kawo shi ga mutum ɗaya ya sa a layi, ba a riƙa tura wa difelofa (mai rubuta kod) kai tsaye ta WhatsApp da dare ba, na uku ka riƙa zuwa ganin abin da muka yi duk sati biyu ko da na minti talatin ne. In bai yarda da na biyun ba, gaskiya ka dakata da maganar gaba ɗaya, don duk allon bibiyar aiki da za ka kafa zai zama ado, ainihin aikin yana can cikin wayar mutane.

Sai kwastoma. Yawancin kwangilolinmu abu uku ake ƙullewa lokaci guda: kuɗi, ranar miƙawa, da jerin abubuwan da za a yi. Ajail ba ya tafiya in duka ukun a ƙulle suke. Abin da ya fi sauƙin karɓuwa shi ne a bar kuɗi da rana yadda suke, a rubuta a yarjejeniya cewa kwastoma na iya shigo da sabon abu matuƙar zai cire wani mai girmansa da ba a fara ba. Ko kuma a raba kwangilar, a fara da kashi na farko na wata biyu, in ya ga aiki a ci gaba.

Hattara: in aikin gwamnati ne ko na ƙungiyar tallafi da aka riga aka sa hannu kan jerin abin da za a miƙa da ranakun biya, kar ka je kana musu wa'azin ajail. Ka bar ranakunsu yadda suke a takarda, ku a cikin gida ku yi aikinku zango-zango, ka dai nemi su ba ka mutum ɗaya da zai riƙa duba abin da kuka fitar.

Mataki na 3: Tim ɗaya, aiki ɗaya

Kar ka juya kamfani gaba ɗaya rana guda. Zaɓi tim ɗaya, mutum goma ko ƙasa da haka kamar yadda jagorar Scrum (ɗaya daga cikin hanyoyin yin ajail) ta 2020 ta ce, ni a ganina biyar zuwa bakwai ya fi daɗin tafiyarwa. Dole tim ɗin ya ƙunshi duk wanda ake buƙata don abu ya fita: mai yin fuskar manhaja, mai yin ɓangaren saba, mai gwaji, mai zane. In mai gwaji yana wani sashe daban sai an rubuta masa takarda kafin ya duba, to kun koma gidan jiya.

Aikin da za ka gwada da shi kar ya zama wanda in ya faɗi kamfani ya rufe, kar kuma ya zama ɗan abin wasan da ba wanda ya damu da shi. Nemi mai tsawon wata biyu zuwa uku, wanda kwastomansa yana ɗaga waya.

Hattara: difelofa ɗaya a ayyuka uku ba ɗan tim ba ne, baƙo ne a ko'ina. In ba za a iya sakar maka shi gaba ɗaya ba, a faɗi ranakun da yake naka a rubuta, ka yi lissafi da su kaɗai.

Mataki na 4: Scrum ko Kanban?

Kar ka ɓata sati kana wannan muhawarar. In sabon abu kuke ginawa kuma za ku iya tsara aikin sati biyu ba tare da an rusa shi kullum ba, ku ɗauki Scrum. In aikinku kula da manhajar da ke aiki ne, ƙorafi na shigowa kowane lokaci, ku ɗauki Kanban: allo, a iyakance yawan aikin da ke hannu lokaci guda, in an gama ɗaya a jawo wani. Sauran bayanin nan a kan Scrum zan yi shi da zangon sati biyu, don ga wanda ya fito daga tsohon tsari, ranakun da aka tsayar suna taimaka masa ya saba. Scrum ya yarda da zango har zuwa wata ɗaya, amma wata ɗaya ya yi wa sabon shiga tsawo, sai ka ga an koma yin ƙaramin wotafol a cikinsa, sati uku kod, satin ƙarshe gwaji a guje.

Mataki na 5: Raba matsayi, kuma ka yi wa manajan aiki adalci

Matsayi uku ne. Akwai furodak ona, shi ne mai cewa wannan za a fara yi, wancan ya jira. Mutum ɗaya ne ba kwamiti ba, kuma dole ya zama yana da ikon cewa a'a har ga manya, yana kuma da lokacin amsa tambayar difelofa a ranar da aka yi ta. Akwai Scrum masta, wanda aikinsa shi ne ya ga tsarin na tafiya, ya kawar da abin da ke tare wa tim hanya, lasisi ne bai zo ba, izinin shiga saba ne, janareta ne, duk shi zai bi. Sai masu aikin kansu, su ne ke yanke yadda za a yi da nawa za su iya ɗauka.

To ina manajan aiki na da? Wannan tambayar ita ce ta fi zafi kuma ban ga amfanin ɓoye ta ba. Mutum ya yi shekaru yana riƙe da jadawali, shi ke raba aiki, shi ke bin kowa yana tambayar ina aka kwana, rana ɗaya ka ce masa tim za su riƙa ɗaukar aiki da kansu, dole ya ji kamar an ƙwace masa kujera, kuma in ba ka zauna da shi ba zai yaƙi abin a ɓoye ko da bai yi niyya ba. Ka kira shi shi kaɗai kafin a sanar da kowa. In ya san kwastoma da kasuwa sosai, furodak ona ya fi dacewa da shi. In mutum ne mai haƙuri da iya sauraro da iya bin ofis-ofis ya warware matsala, zai iya Scrum masta. Kuma kasafin kuɗi, kwangila, rahoto ga manya, duk suna nan ba su tafi ko'ina ba, ana buƙatar mai riƙe su.

Hattara: kar a canza masa suna zuwa Scrum masta ya ci gaba da raba aiki kowace safiya. Kar kuma mutum ɗaya ya haɗa furodak ona da Scrum masta, don ɗaya yana neman a ƙara aiki ne, ɗayan yana kare tim daga lodin da ya fi ƙarfinsu, in mutum ɗaya ne ka san wanda zai yi nasara.

Mataki na 6: Juya tsohuwar takardar buƙatu ta koma jerin aiki

Nan ne ainihin aikin yake, ka ba shi kwana biyu ko uku, kai da furodak ona da tim gaba ɗaya.

Kar ka yar da takardar buƙatun nan mai shafi tamanin, akwai ilimi a ciki. Abin da za ku yi shi ne ku fasa ta zuwa ƙananan buƙatu, kowace a rubuta ta daga bakin mai amfani: waye shi, me yake so, don me. Mu ɗauki misalin manhajar makaranta mai zaman kanta. A maimakon "sashen kuɗin makaranta", sai a rubuta: "A matsayina na akawun makaranta, ina so in shigar da kuɗin da uba ya biya in ba shi rasit, don in daina rubutawa a littafi." A ƙarƙashinta a jera sharuɗɗan karɓa: rasit na ɗauke da sunan ɗalibi da aji da zangon karatu, in an biya rabi ya nuna saura, ba a iya goge rasit sai dai a soke shi da dalili.

Yanzu ga inda masu tsohon tsari ke zamewa. Sun saba yanka aiki hawa-hawa, wannan watan rumbun bayanai gaba ɗaya, wata mai zuwa ɓangaren saba, sannan fuska. A haka sai ka yi wata uku ba abin da mutum zai iya dannawa. Ka duba yadda mai ƙaramin ƙarfi ke gina gida: ɗaki ɗaya yake gamawa da rufi da ƙofa ya tare, sannan ya ci gaba da ƙarawa, ba ya zuba harsashin ɗaki goma ya zauna a haya yana jira. Haka za ku yanka. Buƙatar akawun nan ta ƙunshi ɗan teburinta a rumbun bayanai, ɗan kod ɗinta na saba, da shafinta guda, duka a zango ɗaya, ranar nuni, wato ranar da ake nuna wa kwastoma abin da aka yi a ƙarshen zango, akawu ya zauna ya buga rasit na gaske. Biya ta intanet da Paystack ko Remita wata buƙata ce daban, ta biyo baya. Tura saƙon tes ga iyaye ma daban.

In buƙata ta fi ƙarfin kwana uku ko huɗu, a sake fasa ta. Hanyoyin fasawa: fara da hanya mafi sauƙi a bar keɓantattun yanayi, fara da nau'in mai amfani ɗaya, fara da shigarwa da hannu kafin loda fayil.

Daga nan furodak ona ya jera su daga sama zuwa ƙasa, layi ɗaya tak. Na sama su zama a fayyace tsaf, waɗanda za su isa zango biyu ko uku, na ƙasa kuwa a bar su dunƙule, kar a ɓata lokaci a kansu don rabinsu za su canza kafin a iso su.

Hattara: in kwastoma ya ce duka masu muhimmanci ne, kar ka yi gardama, ka tambaye shi: Alhaji, in sati biyu kawai muke da shi kafin a koma makaranta, wanne za ka so ya fara aiki? Zai zaɓa.

Mataki na 7: Allo da kayan aiki, da abin da za ka kashe

In kuna ofis ɗaya, farin allo da maka da ƙananan takardu masu manne sun isa zango biyun farko, kuma na fi son a fara da su don ba wanda zai ɓuya a bayan kwamfuta. Layi huɗu: jira, ana yi, ana dubawa, an gama.

In kuna warwatse, akwai manhajojin allo a intanet: Jira kyauta ne har mutum goma, Trello na da tsarin kyauta da ya ishi ƙaramin tim, in kuma kod ɗinku na GitHub to allon GitHub Projects na nan ba sai kun biya ba, Azure DevOps ma na ba da mutum biyar na farko kyauta. Wajen kira, Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet na kyauta a minti 60 in kun kai uku, ka san da wannan kafin ranar dogon zama. Slack na kyauta kuma saƙonnin kwana 90 kawai yake nuna maka, don haka duk shawarar da aka yanke a rubuta ta a jikin katin aikin, kar a bar ta a hira.

Maganar satifiket: jagorar Scrum kyauta ce a intanet, shafi 13 ce kacal, kowa a tim ya karanta. Jarrabawar PSM I ta Scrum.org dala 200 ce, tambaya 80 cikin awa ɗaya, ana cin ta da kashi 85 cikin ɗari, ba dole sai ka shiga aji ba kuma ba ta ƙarewa. CSM ta Scrum Alliance sai ka halarci horo, kuma ana sabunta ta duk shekara biyu. Ba ɗaya daga ciki da ya zama sharaɗin farawa, in akwai kuɗi a biya wa Scrum masta shi kaɗai.

Babban kuɗin da za ka kashe lokaci ne. A zangon sati biyu, zaman tsarawa kamar awa huɗu, taron kullum awa biyu da rabi in ka tara, nuni awa biyu, waiwaye (zaman tim na duba yadda zangon ya tafi) awa ɗaya da rabi, wato kusan awa goma ga kowane mutum, ban da ɗan zaman gyaran jeri a tsakiya. Ka faɗa wa oga wannan tun farko, kuma ka soke tsofaffin mitin na rahoto, kar a haɗa biyu.

Hattara: kar ka yi sati biyu kana ƙawata Jira da matakai goma sha biyu da filayen dole. Duk abin da ya sa difelofa jin nauyin buɗe allo zai sa allon ya daina faɗin gaskiya.

Mataki na 8: Ku rubuta ma'anar "an gama"

A tsohon tsari difelofa na cewa ya gama in kod ya yi aiki a laftof ɗinsa. Ku zauna ku rubuta sharuɗɗa, a manna a bango: kod ya shiga Git (inda ake adana kod da tarihin canje-canjensa), wani ya duba shi kafin a haɗe, gwaje-gwaje sun wuce, an ɗora a sabar gwaji, furodak ona ya gani ya yarda. Abin da bai cika waɗannan ba, ba a gama ba, babu zancen saura kaɗan.

Wannan yana jawo aikin injiniya da ba makawa. In ɗora kod a saba yana cin muku yini guda kuma mutum ɗaya ne ya iya, ba yadda za a yi ku riƙa fitarwa duk sati biyu. Ku sa shi cikin aikin zangon farko: sabar gwaji daban da ta masu amfani, da tsarin da zai gudanar da gwaji da kansa duk lokacin da aka tura kod. GitHub Actions na ba da minti 2,000 a wata kyauta ga ma'ajiyar kod ta sirri, ya ishi farawa. Ba sai kun rubuta wa tsohon kod gaba ɗaya gwaji ba, ku fara da sabon da kuke rubutawa da kuma duk inda bog ya fito.

Mataki na 9: Zangon farko

Ranar farawa: ina ba da shawarar a fara Laraba a ƙare Talata ta biyu da ta biyo baya. In kun sa ƙarshen zango ranar Juma'a, ga masallaci, ga masu tafiya gida, nuni da waiwaye za su zama a gurguje.

Zaman tsarawa: furodak ona ya faɗi burin zangon a jumla ɗaya, misali "akawu ya iya karɓar kuɗi ya ba da rasit". Tim su jawo buƙatu daga saman jeri har inda suka ga za su iya. Su za su ce ya isa, ba oga ba. A zangon farko ku ɗauki ƙasa da abin da kuke zato, don kowa na cika baki a ranar farko. A cire ranakun hutu, in azumi ne ko satin Sallah a rage lodi tun a lissafi.

Taron kullum: minti 15, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, a gaban allo. Ku bi katunan daga na kusa da gamawa zuwa baya, ana tambayar me ya hana wannan ƙarasawa, wa zai taimaka. Duk maganar da ta ɗauki tsawo a ajiye ta, masu ruwa da tsaki su tsaya bayan an tashi.

Hattara: in ka ga kowa na kallon mutum ɗaya yana ba shi rahoto, taron ya lalace. Scrum masta ya koma baya ya yi shiru, su yi magana da junansu.

Nuni: a kira kwastoma da ainihin wanda zai yi amfani da abin, a miƙa masa linzami ya danna da kansa. Ba silaid, ba hoton allo. Abin da ba a gama ba kar a nuna shi, a mayar da shi jeri. In akawu ya ce ai mu ba haka muke karɓar kuɗi ba, iyaye da yawa kashi uku suke biya, kar ran kowa ya ɓaci, wannan maganar da a tsohon tsari sai bayan wata shida za ku ji ta, yanzu kun ji ta a sati biyu.

Waiwaye: tim kaɗai, a tambayi me ya tafi daidai, me ya ba da wahala, me za a canza. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mun taso da kunya da girmama na gaba, ƙaramin difelofa ba zai buɗe baki a gaban babban injiniya ya ce yadda kake duba kod yana jinkirta mu ba, balle a gaban mai kamfani, sai kowa ya ce lafiya lau a tashi, matsalar kuma tana nan. Don haka oga kar ya shiga wannan zaman. A raba takardu kowa ya rubuta ba suna, Scrum masta ya tattara ya karanta, a yi magana a kan tsarin aiki ba a kan mutum ba. In za a zagaya a yi magana, a fara da ƙanana, manya su zo ƙarshe. A fita da gyara ɗaya ko biyu kawai, kowanne da sunan mai bin sa, a sa shi a allon zango mai zuwa. In aka yi waiwaye uku ba abin da ya canza, mutane za su daina rubuta gaskiya, kuma dawo da su yana da wuya.

Mataki na 10: Ƙiyasi, a yi hankali da maki

Tim da yawa na ba buƙatu maki da lambobin 1, 2, 3, 5, 8, 13, kowa ya ɗaga nasa lokaci guda, in an samu wanda ya ce 2 wani ya ce 8 sai a tambaye su dalili, kuma wannan tattaunawar ta fi lambar kanta amfani. Bayan zango uku ko huɗu za ku ga matsakaicin abin da kuke gamawa, da shi za ku iya ce wa kwastoma abu kaza zai iso wajen wata kaza. In makin ya rikita ku, ku ƙirga yawan katunan da kuke gamawa kawai, in kuna yanka su ƙanana lissafin na fitowa kusan daidai.

Hattara: ranar da oga ya fara cewa me ya sa tim ɗin can ke yin 40 ku kuna 25, ko ya ɗaura maki da alawus, daga ranar lambobin sun zama ƙarya, kowa zai kumbura nasa. Maki na tim ne don tsara aikinsu, kar ya shiga takardar auna ma'aikaci.

Mataki na 11: In aiki ya faɗo a tsakiyar zango

Zai faɗo. In saba ce ta faɗi ko kuɗin mutane ke salwanta, a bar komai a gyara. In ba haka ba, ya tafi wurin furodak ona ya shiga jeri, mafi tsawo ya jira sati biyu. In kun lura kowane zango sai irin wannan ya cinye muku kwana biyu, ku riƙa ware masa wuri tun a zaman tsarawa, ko ku sa mutum ɗaya ya zama mai tsaron ƙofa na wannan zangon, a riƙa karɓa-karɓa.

Mataki na 12: Bayan zango shida, a duba a faɗaɗa

Wata uku kenan. Ɗauko lissafin mataki na 1 ka ajiye kusa da na yanzu: kwana nawa buƙata ke ɗauka kafin ta isa hannun mai amfani, sau nawa kuke ɗorawa, bog nawa, aikin dare nawa. Ka sa rai zango biyun farko za su yi kama da koma baya, wannan ba dalilin fasawa ba ne. In lambobin ba su motsa ba har zuwa na shida, duba wurare uku kafin ka zargi tim: katunan sun yi girma, furodak ona ba ya samuwa, ko har yanzu aiki na shigowa ta bayan fage.

In sun motsa, ɗauki tim na biyu. Ka ɗauko mutum ɗaya daga tim na farko ya zauna da su zango biyu, amma kar ka kwashe rabin tim ɗin farko ka rusa abin da ya fara tafiya. Su ma su rubuta nasu ma'anar "an gama", su kafa allonsu. Manyan tsare-tsaren haɗa tim da yawa irin su SAFe da LeSS ka bar su tukuna, sai kuna da tim da dama a kan manhaja ɗaya har sun fara taka ƙafar juna. Kafin nan, jerin aiki ɗaya ga kowace manhaja da ɗan zaman wakilan tim sau biyu a sati ya wadatar.